Tufka da warwara: Kalmomi masu fuska biyu

A harshen Ingilishi akwai wata tsohuwar kalma ta masaƙa, "ravel", wadda idan mutum ya buɗe ƙamus zai tarar an ba ta ma'anoni biyu masu karo da juna.

Ma'ana ta farko ita ce zare ya sarƙe ya cukurkuɗe. Ta biyu kuwa ita ce a warware shi.

Abin bai tsaya nan ba. Turawa kan liƙa ɗafa-goshin "un" a jikin aikatau domin juya ma'anarsa, kamar yadda "tie", wato ɗaure, ke komawa "untie", wato kwance.

To amma da aka liƙa shi a jikin "ravel" aka sami "unravel", sai sabuwar kalmar ta faɗa daidai kan ɗaya daga cikin ma'anonin tsohuwar.

Ke nan "ravel" kishiyar "unravel" ce, kuma takwararta ce, sannan kuma kishiyar kanta ce.

Ɗalibin da ya ci karo da wannan yana iya ɗauka cewa wani shirme ne na Turanci kawai. Sai dai Hausa ma tana da irinsa, Larabci kuwa har littattafai aka wallafa a kansa tun fiye da shekaru dubu da suka wuce, domin akwai hukuncin shari'a da ya rataya a kan irin waɗannan kalmomi.

Daga ina kalmar ta fito?

Masana asalin kalmomi sun ce "ravel" ta shigo Ingilishi ne wajen ƙarshen ƙarni na 16 daga harshen mutanen Holand, inda ake amfani da ita ga tufar da bakinta ya zazzare ko zaren da ya harɗe.

Zamanin ne da masaƙa daga Holand da yankin da ke cikin Beljiyam a yau suke gudun rikicin addini, suna komawa garuruwan Ingila irin su Norwich da sana'arsu.

William Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ya yi amfani da kalmar ta fuskokin biyu. A wasansa na The Two Gentlemen of Verona tana nufin harɗewa, a Hamlet kuwa tana nufin a warware magana a tona asiri.

A yau "ravel" ta kusa ɓacewa daga bakin mutane, "unravel" ce ta gaje ta.

Turawa suna kiran irin waɗannan kalmomi "Janus words", da sunan wani gunkin Rumawa mai fuska biyu, ɗaya na duban gaba ɗaya na duban baya, wanda daga sunansa ne watan Janairu ya samo nasa. Tun daga 1962 kuma ake kiransu "contronyms".

Abin da masaƙi ya sani

Wanda ya taso a garin da ake kaɗi da saƙa ba zai sha wahalar gane yadda aka yi kalma ɗaya ta ɗauki sarƙewa da warwarewa ba.

Arewacin ƙasar Zazzau, inda ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan suke a yau, yana cikin yankin da masana tarihi ke lissafawa a matsayin cibiyar auduga da saƙa da rini ta Daular Usmaniyya a ƙarni na 19.

Yankin ya faro ne daga kudancin Kano, wajejen Kura da Bebeji, ya gangaro zuwa garuruwa irin su Makarfi da Kudan da Hunkuyi. A nan ake noma auduga da baba, a kaɗa, a saƙa, a rina a marina, fatake su kwasa zuwa kasuwannin nesa.

Aikin yana farawa ne a cikin gida. Mata ke gurza auduga su fitar da angurya, su shiɓe ta, sannan su zauna da mazari da alli suna kaɗi. Zare mai kauri shi ne abawa.

Babban abin da mai kaɗi ke tsoro shi ne zare ya sarƙe. Idan hakan ta faru sai ta ajiye komai ta shiga neman bakin zaren, kuma ranar da ta warware shi ba tare da ya tsinke ba ta yi sa'a.

Daga nan zare ya koma hannun masaƙi. Kafin ya hau masaƙa sai ya yi wadari, wato ya kafa turaku ya riƙa kai da komo a tsakaninsu yana jera zaren tsaye.

A nan akwai wani abin lura. Masaƙi da gangan yake gitta zaren a kan juna a tsakanin turaku, kuma wannan gittawar ce ke hana su cakuɗewa idan an naɗe. Wato da harɗewa mai tsari ake maganin harɗewa marar tsari.

Saƙar kanta ma haka take. Ƙoshiya na kai da komo ɗauke da kwarkwaro, zaren kwance na shiga tsakanin na tsaye, kunkuru na can gaba da dutse a kansa yana riƙe da wadarin. Abin da ya fito, in an duba da kyau, zare ne da aka sarƙe bisa ƙa'ida.

To sai a ɗauki wannan ƙyalle a yanke shi, a bar bakinsa ba kalmasa. Bayan wanki biyu ko uku zaren bakin zai soma zarewa, kuma wanda ya zare ba ya tsayawa a miƙe, dunƙulewa yake yi ya zama cukurkuɗaɗɗen abu.

Wanda idonsa ke kan ƙyallen zai ce ya warware. Wanda idonsa ke kan zaren zai ce ya sarƙe. Abu guda ne ya faru, kuma kowannensu ya faɗi gaskiya.

Wannan shi ne bayanin da masana suka fi bayarwa game da "ravel", kuma shi ne ya fi kwanciya a hankali.

Saƙar hannu ta ja baya ƙwarai a wannan yanki. Turawan mulkin mallaka sun karkatar da audugar zuwa masana'antun Ingila, daga baya aka buɗe masaƙar zamani ta Kaduna Textiles a 1957, ita ma ta rufe a 2002. Yanzu an fi sanin Makarfi da Kudan da rake, Ikara kuma da tumatir. Amma kalmomin sana'ar suna nan daram a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe mazari ba.

Warware: alheri ko asara?

Babu wadda ta kai "warware" nuna haka.

Idan aka ce dattawa sun warware rikicin gona, an samu alheri. Idan aka ce marar lafiya ya warware, sai a yi hamdala. Malami ya warware mas'ala, ɗalibai sun huta.

Amma idan aka ce an warware ciniki, ko an warware alkawari, ko an warware baiko, to wani ya yi asara. Littattafan fiƙihu na Hausa suna lissafa abubuwan da ke warware alwala. Hakimin da aka naɗa wa rawani a fada kuwa, babu labarin da ya fi ƙi irin a ce za a warware shi.

Aikin hannun bai canza ba, abin da aka warware ne ya bambanta. In ƙulli ne na wahala, an taimaka. In saƙa ce da aka sha wuya a kanta, an yi ɓarna.

"Unravel" ta Ingilishi ita ma haka take, kuma tana yawan fitowa a kanun labarai. Idan 'yan sanda ne suka yi wa wani kisan gilla "unravel", sun gano bakin zaren ke nan. Idan kuwa yarjejeniyar tsagaita wuta ce ta yi "unravel", ta wargaje.

Mai fassarar da ya yi gaggawa ya rubuta cewa batun yarjejeniyar ya warware, zai iya sa mai sauraro ya yi murna a inda ya kamata hankalinsa ya tashi.

Hausawa suna da salon magana da ya haɗa ɓangarorin biyu wuri guda, wato "tufka da warwara", wanda aka aro daga masu tufkar igiya. Da shi ake sukar gwamnatin da ke kafa doka yau ta soke gobe, ko shaidan da maganarsa ta safe ba ta haɗu da ta yamma ba.

Hoton ya girmi Hausar da muke ji a yau. A aya ta 92 ta Suratun Nahli an kwatanta mai karya rantsuwa da macen da ta kaɗa zarenta ya yi ƙarfi, sannan ta dawo ta warware shi. Kalmar Larabcin da aka yi amfani da ita a wurin, "naƙada", ita ce dai malaman fiƙihu ke amfani da ita ga warwarewar alwala.

Kishiyarta ita ce "abrama", wato murɗa igiya ta yi ƙarfi, daga nan ta zama ƙulla yarjejeniya. Lokacin da Masar ta kafa babbar kotunta ta ɗaukaka ƙara a 1931, sunan da aka ba ta ya haɗa kalmomin biyu, "naƙd" da "ibram". Da za a mayar da shi Hausa kai tsaye, da kotun warwara da tufka za a ce, tun da aikinta shi ne ta soke hukunci ko ta tabbatar da shi.

A majalisa da kan hanya

Ba a kan zare kaɗai Ingilishi ke da irin wannan ba, kuma wasu daga cikin kalmomin suna cikin takardun da ake mulki da su a Najeriya.

"Sanction" tana nufin amincewa, tana kuma nufin takunkumi. Asalinta doka ce da hukuma ta zartar, ita kuwa doka tana halatta wani abu, tana kuma hukunta wanda ya saɓa.

A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, wanda ta janye a watan Fabrairun 2024. A watan Agustan 2023 ɗin kuma ta amince a shirya rundunar ko-ta-kwana. Da aikatau guda ɗaya Bature zai iya ba da labarin matakan biyu, na farko hani, na biyu izini.

"Oversight" ita ce sa idon da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ke yi a kan ma'aikatu, bisa ikon binciken da sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 suka ba ta. Ita ce kuma kalmar da jami'i ke fakewa da ita idan an kama shi da kuskure, ya ce sha'afa ya yi. Masu zolaya na cewa wani lokaci ma'anonin biyu sukan haɗu a kwamiti guda.

"Table" kuwa ta raba Birtaniya da Amurka. A Birtaniya, da ƙasashen da suka gaji tsarinta irin su Najeriya, idan an yi wa ƙuduri "table" an gabatar da shi ne domin muhawara. A Amurka jingine shi aka yi.

Winston Churchill ya ba da labari a tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya rubuta cewa hafsoshin ƙasashen biyu sun taɓa doguwar gardama a kan wannan kalma, kafin su gane cewa abu ɗaya suke so.

Wadda ta fi haɗari ita ce "inflammable" da ake gani a jikin tankokin mai. Mai ɗan ilmin Turanci zai iya zaton "in" ɗin na korewa ne, alhali na ƙarfafawa ne, kuma ma'anar ita ce abin yana saurin kama wuta. Saboda wannan ruɗani ne hukumomin kiyaye gobara a ƙasashe da dama suka koma rubuta "flammable".

Yadda Hausa ke raba gardama

A wurare da yawa Hausa tana da wata dabara da ke rage irin wannan ruɗu, wato sauya wasalin ƙarshen aikatau.

Tushe ɗaya ne ke ba da saye da sayarwa: na sayi doki, na sayar da doki. Haka na ari littafi, na ara masa littafi. Na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Na koyi karatu, na koyar da karatu.

Ciniki guda ne, aro guda ne, amma ƙarshen kalmar yana nuna ta wane gefe mai magana yake tsaye. Wannan tsari ne F. W. Parsons na Jami'ar London ya kasa zuwa aji bakwai a 1960, kuma har yanzu da rabonsa ake koyar da nahawun Hausa a jami'o'i.

Duk da haka akwai inda dabarar ba ta kai ba.

Idan aka ce wane yana jinya a asibiti, sai an ƙara tambaya: shi ne a kwance, ko shi ne ke zaune a gefen gado? Mai jinya na iya zama kowanne daga cikinsu.

Suruki shi ne uban matar mutum, shi ne kuma mijin 'yarsa. Suruka uwar miji ce, matar ɗa ce. Kalmar sunan dangantakar ce, ba ta damu da wane ne babba ba.

"Sake" tana nufin maimaita abu yadda yake, kamar a ce ya sake zuwa. Tana kuma nufin canza shi, kamar a ce ya sake hali. Uban da ya ce wa ɗansa "kada ka sake" da wanda ya ce "sai ka sake" duk gyara suke nema.

Ga kuma na matasa da ya riga ya zauna: mugun kyau, bala'in daɗi, masifar ƙoƙari.

Littattafan al-addad

Malaman Larabci sun riga kowa zama a kan wannan batu, suka sa masa suna "al-addad", wato kishiyoyi.

Ƙuɗrubu na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 206 bayan Hijira, yana cikin na farko da suka tattara su a littafi. Asma'i da Ibnus Sikkit da Abu Hatim as-Sijistani duk sun bi sahu.

Wanda ya fi shahara shi ne na Abubakar Ibnul Anbari, wanda ya rasu a 328 bayan Hijira, daidai da 940 Miladiyya, kuma ya ƙunshi kalmomi fiye da 350.

Ya rubuta shi ne yana mayar da martani ga masu cewa wannan aibi ne a harshen Larabawa. Amsarsa ita ce magana sashenta ke gyara sashe, kuma ba a yanke wa kalma hukunci sai an ji abin da ya gabace ta da abin da ya biyo ta.

Ba kowa ya yarda ba. Ibn Durustawaihi, wanda ya rasu a 347 bayan Hijira, ya yi littafi sukutum yana musun cewa akwai kishiyoyi na gaskiya, yana mai ganin cewa in an bi kowace kalma zuwa tushenta ma'ana ɗaya za a tarar.

Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya ware wa batun babi a littafinsa al-Muzhir.

Daga cikin misalan akwai "jaun", baƙi ko fari, da "maula", ubangida ko bawan da ya 'yanta, wadda ta yi kama da suruki ta Hausa. Akwai "zann", zato ko yaƙini. Akwai kuma waɗanda fata nagari ya haifar, kamar kiran wanda maciji ya sara "salim", wato lafiyayye, irin yadda Bahaushe ke cewa "da sauƙi" ko da ciwo ya yi tsanani.

Masu zuwa tafsirin watan azumi suna cin karo da su ko da ba a ambaci sunan fannin ba. A Suratu Yusuf, aikatau ɗin da a wasu wurare ke nufin saye, a aya ta 20 sayarwa yake nufi. A Suratut Takwir kuma, kalmar da aka siffanta dare da ita tana ɗaukar gabatowarsa da kuma juyawarsa, kuma Tafsirin Jalalaini ya kawo duka biyun.

Igiyar aure da kwanakin idda

Larabci na kiran yarjejeniya "aƙd", wato ƙulli. Hausa ma ɗaura aure take yi, kuma igiyoyinsa uku ne. A wurin kwance wannan igiya ne wata kalma mai fuska biyu ta fi yin tasiri a rayuwar mutane.

Aya ta 228 ta Suratul Baƙara ta ce macen da aka saka za ta jira "ƙuru'i" uku. Kalmar tana cikin al-addad: Larabawa suna kiran haila da ita, suna kuma kiran tsarki da ita.

Wasu malaman lugga sun ce asalin ma'anarta lokaci ne da ke zagayowa, shi ya sa ta dace da zuwan jini ta kuma dace da ɗaukewarsa.

Saɓanin ya faro tun daga Sahabbai. An ruwaito cewa Nana A'isha da Zaidu bin Sabit da Abdullahi bin Umar sun fassara ta da tsarki, Sayyidina Umar da Sayyidina Ali da Abdullahi bin Mas'ud kuma suka fassara ta da haila.

Imam Malik da Imam Shafi'i sun bi fassarar farko, Imam Abu Hanifa ya bi ta biyu.

Bambancin na 'yan kwanaki ne, amma kwanaki ne masu nauyi. A cikinsu ne mijin da ya yi saki ɗaya ko biyu ke da damar yin kome ba tare da sabon sadaki ba. A cikinsu ne, idan ɗayansu ya rasu, ɗayan zai ci gado. Kuma auren da aka ɗaura wa matar da wani kafin su cika ɓatacce ne.

Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ilmi daga birnin Zariya har ƙauyukan Ikara, ta bayyana cewa tsarkin da ke tsakanin jini biyu ake nufi, kuma mazhabar Malikiyya ce alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na jihar Kaduna ke bi a sha'anin aure.

Bisa wannan, matar da aka saka tana cikin tsarki a Hunkuyi za ta lissafa ragowar wannan tsarkin a matsayin na farko, kuma da zarar ta ga jini na uku iddarta ta cika.

Da za a kai tambayar ga malamin Hanafiyya a Lahore ko Istanbul, zai ce da saura, sai jinin na uku ya ɗauke.